Yadda ganye ke tara firoton ya ƙera ATP da hasken rana: jagora ga ɗaliban bayoloji

Yawancin ɗaliban da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB a Kano, har da 'yan aji ɗaya a Jami'ar Bayero, suna kawo lissafin fotosintesis a ka tsaf: iskar kabon dayoksaid da ruwa, a gaban haske da kilorofil, su ba da sukari da oksijin. Amma da an tambaye su ta ina hasken ya bi har ya zama ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin da ƙwayar halitta ke aiki da shi, sai aji ya yi tsit, ko wani ya ce "kilorofil ne yake yi". Abin yana damuna ƙwarai, domin wannan gurbin da ake tsallakewa shi ne ya fi komai daɗi a darasin, kuma shi ne ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

Ku riƙe wannan tun yanzu: haske ba ya ƙera ATP kai tsaye. Aikin haske shi ne cusa firoton cikin wani rufaffen wuri a ganye. Fitowar firoton ɗin daga wurin ita ce ke ƙera ATP. Duk abin da zai biyo baya bayanin wannan magana ne.

Ku tanadi farar takarda babba, biro baƙi da ja da shuɗi, kofin zoɓo mara sukari, lemun tsami, 'yar kanwa, sirinji mara allura, bekin soda daga wurin masu sayar da kayan kek, da ɗanyen alayyafo. Wanda ke kusa da kasuwar Yankaba ya saya da sassafe kafin rana ta sa ya yi yaushi.

Mataki na farko: ku zana wurin kafin ku karanta sunan komai

Da baƙin biro ku zana babban ƙwai da layi biyu a jere. Wannan shi ne kuloroplas, mai tantani biyu. Ruwan da ya cika cikinsa sunansa sitoroma, kuma a nan ake haɗa sukari. A cikin sitoroma ku zana wata jaka doguwa shimfiɗaɗɗiya, sunanta tailakoyid. A ganye na gaske jakunkunan suna hawa kan juna su yi tsibi-tsibi, ana kiran tsibin girana, amma guda ɗaya ta ishe mu. Cikin jakar shi ne lumen.

Ku tabbata layin jakar ya haɗu, babu ko 'yar ƙofa. Kada ku raina wannan. Tantanin tailakoyid na maiƙo ne, firoton kuwa yana ɗauke da caji, don haka ba ya ratsa shi cikin sauƙi. Idan jakar ta huje, komai yawan hasken da ya faɗo, ATP ba zai samu ba. Ɗalibin da zanensa bai nuna ciki da waje ba, ba zai taɓa iya bayanin abin da ke gaba ba.

Mataki na biyu: ku ga firoton da idonku

Firoton shi ne ƙwayar zarrar haidurojin da ta rasa ilektiron ɗinta, ana rubuta shi H⁺. Idan ya yi yawa a ruwa, ruwan ya yi tsami, lambar pH, wato ma'aunin tsami, ta sauka.

Ku raba zoɓon kofi biyu. A na farko ku matsa lemun tsami, za ku ga jansa ya ƙara haske, ya yi jawur. A na biyu ku jefa kanwa ku motsa, sai launin ya dushe, ya yi duhu-duhu, ya karkata zuwa shuɗi-kore. Launin zoɓo yana canzawa ne bisa yawan firoton da ke cikin ruwan. Kofin lemun tsami cike yake da firoton, na kanwa kuwa ƙaranci gare shi. Idan rana ta fito, lumen yana komawa ɓangaren kofin farko, sitoroma kuma ɓangaren na biyu.

A duhu, ciki da wajen jakar duk suna kusa da pH 7. A haske sitoroma tana hawa kusan 8. Littattafai da yawa suna ba lumen 5, awon da ake yi a rayayyen ganye kuwa ya fi nuna kusan 6. Kowane taki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, saboda haka tsakanin 8 da 6 ninki 100 ne, tsakanin 8 da 5 ninki 1,000. Wannan bambancin yawa tsakanin ciki da waje shi ne makamashin da ganye ya ajiye.

Mataki na uku: ku bi ilektiron da shuɗin biro

A kan layin jakar, daga hagu zuwa dama, ku zana akwatuna uku: PSII, sai sayitokurom b6f, sai PSI. Duk ukun dunƙulen furotin ne a jikin tantani, PSII da PSI kuma su ne masu kama haske. Kada lambobin su ruɗe ku, PSII ne farkon hanya. An fara gano PSI ne kawai, shi ya sa ya samu lamba ɗaya.

Haske ya faɗo kan ɗaruruwan ƙwayoyin kilorofil da ke kewaye da PSII, suna miƙa wa juna makamashin har ya isa kilorofil na musamman da ake kira P680. Shi kuma ya saki ilektiron. Wani ɗan sinadari mai yawo a cikin maiƙon tantani, filastokwinon, ya karɓa ya kai wa sayitokurom b6f. Daga nan filastosayanin, furotin mai ɗauke da tagulla wanda ke yawo a cikin lumen, ya kai wa PSI. Kafin ilektiron ya iso nan ƙarfinsa ya ragu, sai haske ya sake ɗaga shi a P700, kilorofil na musamman na PSI. Daga PSI ya wuce wurin feredoksin a ɓangaren sitoroma, a ƙarshe ya sauka kan NADP⁺ ya mayar da shi NADPH, mai kai ilektiron wurin haɗa sukari. Robin Hill da Fay Bendall ne suka shimfiɗa wannan tsari na ɗagawa sau biyu a 1960.

Ilektiron ɗin da P680 ya rasa fa, wa zai mayar masa? Ruwa. A gindin PSII, ta ɓangaren lumen, akwai dunƙulen zarrar manganis 4 da kalsiyam 1 da ke fasa ruwa. Ƙwayar ruwa 2 suna ba da ilektiron 4, firoton 4, da oksijin guda. Tun 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu suka nuna cewa oksijin ɗin da tsiro ke fitarwa daga ruwa yake, ba daga kabon dayoksaid ba. Tambaya ce da masu jarrabawa ke so, kuma ɗalibai da yawa suna faɗuwa a kanta.

Sunayen nan kada su cinye muku lokaci. Sau uku za ku zana layin ku ga sun zauna.

Mataki na huɗu: ku ƙirga firoton da jan biro

A nan za ku daɗe, domin nan ne gundarin darasin. Za mu yi lissafi a kan oksijin guda, wato ilektiron 4, wanda ke buƙatar aƙalla ƙwayar haske 8, huɗu a PSII, huɗu a PSI.

Hanya ta farko: fasa ruwa. Tunda a cikin lumen ake fasa shi, firoton 4 ɗin nan a ciki suke zama. Ku rubuta H⁺ huɗu da ja a ƙarƙashin PSII.

Hanya ta biyu ita ce mafi girma. Filastokwinon ba ya iya ɗaukar ilektiron 2 sai ya haɗa da firoton 2, kuma daga sitoroma yake ɗebo su, domin ta can gurbinsa yake a jikin PSII. Idan ya isa sayitokurom b6f kuwa, ta ɓangaren lumen yake sauke kayansa. Ilektiron su ci gaba da tafiya, firoton su zube ciki. Ba a nan abin ya tsaya ba. Sayitokurom b6f yana da dabara: cikin ilektiron 2 da ya karɓa, ɗaya ne ke wucewa gaba, ɗayan yana komawa baya ga wani filastokwinon, wanda zai sake ɗebo firoton daga sitoroma. Ana kiran wannan zagayen Q. Sakamakonsa, kowane ilektiron da ya wuce zuwa PSI ya bar firoton 2 a lumen. Ilektiron 4 ke nan firoton 8. Ku ja kibiya ja daga sitoroma zuwa lumen ta jikin akwati na tsakiya, ku rubuta 8.

Jimla: 4 da 8, firoton 12 a cikin lumen kan kowace oksijin guda.

Akwai hanya ta uku da ba ta ƙara komai a ciki amma tana rage na waje: duk NADPH da aka haɗa yana ɗauke firoton guda daga sitoroma. Ciki na cika, waje na ƙarewa, bambancin yana faɗaɗa ta fuska biyu.

Wani abu da ɗaliban jami'a ya kamata su ƙara: bambancin kashi biyu ne, na yawan firoton da na cajin lantarki, tunda kowane firoton yana shiga da caji. A tailakoyid, kulorayid yana bin firoton ciki, magniziyam da fotasiyam suna fitowa waje, sai cajin ya ragu sosai, mafi yawan ƙarfin ya rage a bambancin pH. A mayitokondiriya, inda ake samar da ATP daga abinci, akasin haka ne, caji ne ya fi yawa. Magniziyam ɗin da ya fito sitoroma kuma, tare da pH 8, su ne ke tayar da inzayim rubisko mai kama kabon dayoksaid da sauran masu haɗa sukari. Ma'ana, tarin firoton ɗin da ke ƙera ATP shi ne kuma ke sanar da ɓangaren sukari cewa gari ya waye.

Mataki na biyar: ƙofa ɗaya tilo

A ƙarshen dama na jakar ku zana abu mai gindi a cikin tantani da babban kai da ya leƙo sitoroma. Wannan shi ne inzayim ATP sintes. Gindin sunansa CF0, kan sunansa CF1.

Ku tuna madatsar ruwa ta Tiga. Damina ta tara ruwa a bayan bango, ruwan yana neman gangarowa, ba shi da hanya sai ta ƙofar da aka yi masa. Idan aka sa injin mai juyawa a ƙofar, gangarowar ruwan za ta juya shi. Haske shi ne damina, tantani shi ne bango, firoton su ne ruwan, ATP sintes kuma injin da ke ƙofa.

Juyawar nan ta gaske ce. A gindin inzayim ɗin akwai zobe na ƙananan furotin a jere. Firoton ya shigo daga lumen ta rabin hanya, ya manne a gurbi ɗaya na zoben, zoben ya gusa taki guda. Na gaba ya shigo, ya sake gusawa. Sai firoton ya zagaya da zoben ya kusa dawowa inda ya fara kafin ya samu ɗayan rabin hanyar ya fita sitoroma. Zoben yana haɗe da sanda karkatacciya da ta shiga tsakiyar kan. Kan ba ya juyawa, sandar ce ke juyawa a cikinsa tana matsa gurabe uku ɗaya bayan ɗaya: wannan ya karɓi ADP da fosfet, kayan haɗa ATP, wancan ya matse su su haɗu, na uku ya buɗe ya saki ATP. Zagaye ɗaya cikakke, ATP 3.

Paul Boyer ne ya kawo wannan bayani na gurabe uku, John Walker da abokan aikinsa suka fitar da siffar kan inzayim ɗin a 1994, su biyun suna cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1997. A shekarar kuma masu bincike a Japan, ƙarƙashin Masasuke Yoshida da Kazuhiko Kinosita, suka manna wani zare a jikin sandar, suka gan shi yana wulwulawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Duk lokacin da na kai nan a aji nakan dakata, domin ganin injin mai juyawa a cikin ganyen zogalen da ke tsakar gida ya isa mutum ya ce Subhanallahi.

Ku lura da inda kan ya fuskanta. ATP a sitoroma yake fitowa, daidai inda za a yi amfani da shi.

Mataki na shida: lissafin da bai cika ba, da abin da ya haɗa shi da gero da dawa

A alayyafon Turawa, wanda aka fi yin awo da shi, zoben yana da gurabe 14. Firoton 14 ke nan su ba da ATP 3, wato kusan 4.7 kan kowane ATP. Mu kuma 12 muka tara. Ku raba 12 da 4.7, za ku samu kusan ATP 2.6, tare da NADPH 2. Amma zagayen Calvin, wato aikin haɗa sukari a sitoroma, yana neman ATP 3 da NADPH 2 kan kowace ƙwayar kabon dayoksaid. Akwai giɓi.

Ganye yana cike giɓin ne da abin da ake kira tafiyar ilektiron ta zagaye. Maimakon feredoksin ya miƙa wa NADP⁺, sai ya mayar da ilektiron baya ga filastokwinon, ya sake bi ta sayitokurom b6f, ya sake zubar da firoton, ya dawo PSI. Babu fasa ruwa, babu oksijin, babu NADPH, sai ƙarin firoton kawai, saboda haka ƙarin ATP. Ku zana wannan da kibiya shuɗiya mai lanƙwasa baya.

Hatsin da muke ci kullum ya dogara da wannan sosai. Gero, dawa, masara da rake tsirrai ne na C4: suna fara tara kabon dayoksaid su tura shi wasu ƙwayoyin halitta da ke kewaye da jijiyar ganye, abin da ke sa su jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da shinkafa da alkama. Kuɗin wannan dabara shi ne ƙarin ATP 2 kan kowace ƙwayar kabon dayoksaid, ya zama 5 maimakon 3. A dawa da masara, kuloroplas ɗin waɗancan ƙwayoyin kusan babu girana a ciki, PSII kaɗan ne, tafiyar zagaye ce ta fi yawa. Buhunan dawar da ke jibge a kasuwar Dawanau, wani kaso mai yawa na makamashin da ya gina su ta wannan kibiyar mai komawa baya ya bi.

Mataki na bakwai: gwajin ganye da sirinji

Ku zuba ruwa kamar rabin gorar lita ɗaya a kofin gilashi, ku sa bekin soda ɗan tsinken cokalin shayi, da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa guda ɗaya. Kada ku sa kanwa a madadin sodar, ƙarfinta ya yi yawa, za ta cutar da ganyen. Da abin huda takarda ko bakin tsinken shan lemo ku ciro ƙananan da'irori goma daga ganyen alayyafo, ku kauce wa manyan jijiyoyi.

Ku zare sandar sirinji, ku zuba da'irorin, ku mayar da sandar a hankali, ku zuƙo ruwan sodar kaɗan. Ku ɗaga bakin sama ku fitar da iska. Sai ku toshe bakin da ɗan yatsa, ku ja sandar baya, ku riƙe kamar daƙiƙa goma kuna ɗan girgizawa, ku saki. Za ku ga ƙananan kumfa suna fita daga gefen ganyen, launinsa ya yi duhu saboda ruwa ya maye gurbin iska. Ku maimaita har da'irorin su nutse. Idan an wuce sau huɗu ko biyar ganyen yana lalacewa, gara a ciro sababbi.

Ku juye su a kofin, ku ajiye a rana. Ku haɗa kofi na biyu irinsa ku kife masa tukunya. Bayan 'yan mintoci, yawanci tsakanin 10 da 20, na rana za su fara miƙewa a gefe ɗaya, sannan su taso sama ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarƙashin tukunya suna nan a ƙasa. A watan Afrilu ko Mayu kada ku bar kofin a tsakar rana kan siminti, ruwan zai yi zafi ya ɓata gwajin. Hantsi ya fi.

Oksijin ne ya taso da su. Firoton ba ya ganuwa a wannan gwaji, amma kun riga kun yi lissafi: duk ƙwayar oksijin da ke cikin kumfar nan ta bar firoton 12 a lumen.

Mataki na takwas: ku lalata tsarin a takarda ku ga ko kun gane

Peter Mitchell ɗan Ingila ne ya kawo ra'ayin cewa bambancin firoton ne ke ƙera ATP a 1961, masana da yawa suka ƙi yarda, suna can suna neman wani sinadari da zai miƙa makamashi kai tsaye. Gwajin da ya juya tunanin mutane shi ne na André Jagendorf da Ernest Uribe a 1966. Sun jiƙa tailakoyid a ruwa mai pH 4 har tsamin ya ratsa lumen, sannan suka mayar da su ruwa mai pH 8 da ADP da fosfet, duk a cikin duhu. ATP ya samu. Babu haske, babu tafiyar ilektiron, bambancin firoton kaɗai. Mitchell ya karɓi Nobel a 1978. Idan aka tambaye ku hujja a jarrabawa, wannan gwajin za ku kawo.

Yanzu ku ɗauki zanenku ku amsa waɗannan da kanku. Maganin ciyawa atrazin, wanda manoman masara ke fesawa, da diyuron, suna toshe gurbin filastokwinon a jikin PSII. Ku rufe wurin da yatsa: ilektiron ya tsaya, fasa ruwa ya tsaya, oksijin da NADPH sun yanke, hanyoyin firoton biyu da suka dogara da PSII sun mutu. Masara tana tsira daga atrazin ne don tana da inzayim da ke warware gubar. Farakwat kuwa a bayan PSI yake fizge ilektiron ya miƙa wa oksijin, a samu sinadarai masu ƙona tantani, shi ya sa ciyawa ke babbakewa da sauri idan akwai rana. Guba ce mai kisa ga mutum, kada wani ya ce zai yi gwaji da ita a gida ko a makaranta.

Sai tambayar da ta fi wuya: idan aka sa sinadarin da ke sa firoton ya zurare ta tantani, kamar amoniya mai yawa, me zai faru? Ɗalibai sukan ce komai zai tsaya. A'a. Ilektiron zai ci gaba da tafiya, har ma ya ƙara sauri tunda babu tarin firoton da ke danne shi. Oksijin zai fito, NADPH zai samu, ATP ne kaɗai zai yanke. Wanda ya amsa wannan daidai ba tare da an nuna masa ba, ya gane darasin.

Abu na ƙarshe da za ku ƙara a zanen ya shafi ranar Kano. Da azahar a bazara haske yana fin abin da ganye zai iya amfani da shi, musamman idan ya rufe ƙofofin iskarsa don tattalin ruwa. ATP ba ya ƙarewa da sauri, ADP ya yi ƙaranci, injin ya rage juyi, firoton suka taru, lumen ya ƙara tsami. Tsamin da kansa yake zama birki: yana rage saurin sayitokurom b6f, yana tayar da furotin PsbS, yana kuma kunna inzayim da ke mayar da launin bayolazantin zuwa ziyazantin. PsbS da ziyazantin suna sa kilorofil ya zubar da rarar hasken a matsayin zafi kafin ya ƙona PSII. Ku ja kibiya ja daga cikin lumen zuwa PSII ku rubuta "birki" a kanta, sannan ku kife takardar ku sake zana komai daga ka.